Mita 12.5, 30 ko 90? Wane DEM ne ya dace da kwarin kogin Haɗejiya

Ɗalibar Ruwa:
Assalamu alaikum malamai. Tambaya ce kan zaɓen DEM, wato bayanan tsayin ƙasa, don aikin SWAT, manhajar lissafin gudanar ruwa, a kwarin kogin Haɗejiya, tun daga dam ɗin Tiga da na Challawa har garin Gashuwa. Guda uku ne a hannu, kowanne da faɗin gurbinsa, wato murabba'in ƙasar da aka ba lambar tsayi ɗaya: SRTM mai mita 30, MERIT mai mita 90, da na ALOS PALSAR mai mita 12.5. Kowanne ya fitar da iyakar kwarin daban. Sannan daga garin Haɗejiya zuwa gaba, layin kogin da kwamfuta ta zana bai bi kogin da ake gani a hoton tauraron ɗan adam na Sentinel-2 ba, wani wurin ma ya miƙe ɗoɗar kamar da rula aka ja shi. In ɗauki mai 12.5 ɗin ne, tunda shi ne mafi ƙanƙantar gurbi?

Mai Safiyo:
Wa alaikumus salam Malama. Ki fara ajiye mai 12.5 ɗin nan gefe. Ba a taɓa auna ƙasar nan da tazarar mita 12.5 aka samar da shi ba. Alaska Satellite Facility ce ta ɗauki SRTM mai mita 30 ta sake yanka shi ƙanana don gyaran hotunan rada na PALSAR, sai ta haɗa shi cikin kunshin da ake saukewa. Gurbi ɗaya ya zama kusan shida, amma labarin da ke ciki bai ƙaru ba ko kaɗan. Kamar a ƙara wa kunu ruwa ne a ce ya yi yawa.

Akwai kuma tarko na biyu. Tsayin SRTM daga matakin teku na EGM96 ake ƙirga shi, shi kuwa wannan an mayar da shi kan ma'aunin da GPS ke bayarwa kai tsaye. A arewacin Najeriya bambancin biyun ya haura mita 10. Duk wanda ya haɗa shi da tsayin tashar auna ruwa ba tare da ya gyara wannan ba, zai ga kogi yana gudu a ƙarƙashin ƙasa.

Injiniya Ƙarami:
Na yarda da batun PALSAR, Malam. Amma a ƙa'ida ai ƙaramin gurbi ya fi. Tsakanin 30 da 90 babu ma abin muhawara. Murabba'in kilomita ɗaya gurbi 1,111 ne a mita 30, a mita 90 kuwa 123 kacal. Ta yaya 123 zai fi 1,111 faɗin gaskiya?

Malamin Taswira:
Injiniya, lissafinka daidai ne, hukuncin ne da sauran magana. Abu biyu ake cakuɗawa: faɗin gurbi, da kuma kuskuren tsayin da aka rubuta a cikin gurbin. A tudu na farkon ne ke da tasiri. A fadama na biyun ne ke kashe aiki.

Mu ɗauki misali. A ce gangaren fili santimita 20 ne a kowace kilomita, irin shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ake samu a dausayi. Daga gurbi zuwa maƙwabcinsa a mita 30, saukar gaskiya milimita 6 ce. SRTM kuwa da cikakkun mitoci yake ajiye tsayi, babu ɗigo: 345, 346, 347. Sai ka yi tafiyar kilomita 5 kafin ƙasa ta sauka mita guda ta gaskiya. A tsakanin nan, duk hawa da saukar da kake gani hayaniyar rada ce. Kuskuren mita 1 tsakanin gurabe biyu na mita 30 yana haifar da gangaren ƙarya na kashi 3.3 cikin 100, alhali na gaskiyar kashi 0.02 ne. A mita 90 wannan kuskuren kashi 1.1 yake bayarwa, kuma da yake an haɗa gurabe tara an ɗauki matsakaici, hayaniyar kanta ta ragu. Shi ya sa a fili irin na Haɗejiya zuwa Nguru, MERIT mai 90 kan fitar da hanyar ruwa mafi hankali fiye da ɗanyen SRTM mai 30. Masu MERIT a Jami'ar Tokyo sun cire masa zane-zanen layi, da ɗige-ɗigen hayaniya, da tsayin bishiyoyi kafin su fitar da shi a 2017.

Miƙaƙƙen layin da Malama ta gani ma daga nan yake. In aka ce manhaja ta cike ramuka, tana ɗaga kowane rami har ya kai bakin da ruwa zai tsallake. A fadama wannan kan mayar da fili mai faɗin kilomitoci ya zama tebur guda, tsayi ɗaya. Ruwa ba shi da inda zai gangara, sai manhaja ta ja masa layi kai tsaye zuwa mafita.

Injiniya Ƙarami:
To amma a sama fa? Wajen Tiga da duwatsun da kogin Kano ke fitowa, mita 90 zai aske kan tudu ya cike kwari.

Malamin Taswira:
A nan kam kai ke da gaskiya. Ƙasar sama da Wudil dutse ne a ƙarƙashinta, tana da tudu da kwari na sosai, gangaren ya fi ƙarfin hayaniya. Babban gurbi a irin wannan wuri yana rage gangare, yana kuma gajarta kogi domin ba ya ganin kwana-kwana. Daga wajen Wudil zuwa gaba ne kogin ke shiga yashi da lakar kwarin Chadi, labari ya canja. Kwari ɗaya ne, amma ƙasa iri biyu.

Hajiya Injiniya:
Bari in sa lamba a kan maganar gangaren, don Malama ta ga inda yake shiga lissafi. A ƙa'idar Kirpich, lokacin da ruwa ke ɗauka daga ƙarshen kwari zuwa mafita, a mintoci, shi ne 0.0195 sau L^0.77 sau S^-0.385, L tsawon rafi a mita, S gangare. Rafi mai tsawon kilomita 10 da gangare 0.002 zai ba da minti 256. In DEM ya rage gangaren zuwa 0.001, sai ya koma minti 335. Ƙarin kusan kashi 30 cikin 100 ke nan, ruwa ya makara a takarda, ƙololuwar ambaliya ta yi ƙasa, kuma da wannan lambar ce wani zai zaɓi girman kwalbati. Kirpich ɗin ma don ƙananan gonaki na Tennessee a Amurka aka yi ta a 1940, ba don kwari irin wannan ba, misali kawai na kawo.

Amma Malama, me kike nema daga SWAT ɗin? In jimillar ruwan wata-wata ce a Wudil ko Haɗejiya, 30 da 90 ba za su ba ki bambanci mai yawa ba muddin faɗin kwarin ya fito daidai. In zaizayar ƙasa ce da lakar da ke shiga Tiga, to gangare da tsawonsa ne ke jan lissafin, a nan 90 zai rage miki laka ƙwarai. In kuwa taswirar inda ambaliya za ta kai kike so a ƙauyukan fadama, babu ɗaya cikin ukun da ya isa, SWAT ɗin ma ba aikinsa ba ne.

Ɗalibar Ruwa:
Ruwan wata-wata ne Hajiya, da kuma yadda sakin ruwa daga dam biyun ke shafar abin da ke isa Gashuwa. Amma ban gane dalilin da ya sa ba wanda ya ambaci DEM na ASTER ba, shi ma ai mita 30 ne.

Mai Safiyo:
ASTER daga hotunan kyamara biyu ake haɗa shi, a fili maras alamomi kamar yashi da ruwa yana cika da ƙuraje da ramukan ƙarya. Kar ki ɓata lokaci a kansa a wannan yanki. Wanda ya kamata ki ƙara a jerinki shi ne Copernicus GLO-30. Daga taurarin TanDEM-X na Jamus aka samo shi, awon 2011 zuwa 2015, yana ajiye tsayi da ɗigo, ba cikakkun mitoci ba, kuma alƙawarin kuskurensa ƙasa da mita 4 ne, inda na SRTM a takarda mita 16 ne, ko da yake a aikace ya fi haka kyau. SRTM awon kwana 11 ne a Fabrairun 2000, duk titi da gada da bakin dam da aka gina bayan nan babu su a ciki. Ki lura Copernicus kan matakin teku na EGM2008 yake, ba EGM96 ba.

Duk waɗannan kuma saman abin da ke kan ƙasa suke aunawa, rufin gida da kan bishiya. FABDEM na Jami'ar Bristol ya ɗauki Copernicus ya cire gine-gine da dazuka, yana taimakawa a cikin birnin Kano da kurmin bakin kogi, sai dai lasisinsa bai yarda da aikin kasuwanci kyauta ba. Na karatu babu matsala.

Baba Mai Fadama:
'Ya'yana, kun yi ta magana kan gurbi, ba wanda ya taɓa babbar matsalar. Ko da DEM mai mita 1 aka kawo muku, tsarin D8 da QSWAT, manhajar shirya aikin SWAT, ke zana koguna da shi ba zai iya kwatanta Haɗejiya ba. D8 cewa yake kowane gurbi ya zuba ruwansa gaba ɗaya ga ɗaya tak cikin maƙwabtansa takwas, wanda ya fi gangare. Ke nan rafuka suna iya haɗuwa, amma kogi ba ya taɓa rabuwa. Shi kuwa kogin Haɗejiya rabuwa ce sana'arsa. Tun kafin garin Haɗejiya reshen Kafin Hausa ya ɓalle. A cikin dausayi kuma ya kasu zuwa tsohon kogin Haɗejiya, da Burum Gana, da Marma da ke kai ruwa tafkin Nguru. Tsakaninsu tsofaffin jigayi ne na yashi a jere, ruwa na bin kwarurrukan da ke tsakani.

Kuma abin da ke yanke hukuncin reshen da zai sami ruwa ba gangaren da tauraro ke gani ba ne. Kachala ce, doguwar ciyawar ruwan nan, da laka. Tun da aka gama Tiga a 1974, Challawa kuma a 1992, ruwa ya koma gudana har da rani, kachala ta sami wurin zama ta toshe hanyoyi, ruwa mai yawa ya karkata Marma, abin da ke wucewa Gashuwa ta ɓangaren Haɗejiya ya ragu sosai. Mafi yawan ruwan da ake aunawa a Gashuwa na Jama'are ne, wanda ke saukowa daga tsaunukan Jos kuma babu babban dam a kansa. In modal ɗinki ya kwashe ruwan Haɗejiya duka ya kai Gashuwa ta layi ɗaya, sai ki matsa wa sauran lambobi don su ɓatar da ruwan da a zahiri ya tafi Nguru ne. Lissafi zai yi kyau a allo, dalilin kuwa ƙarya ne.

Malamin Taswira:
Allah ya ƙara girma Baba, wannan ita ce maganar. Wasu tsare-tsaren da ba D8 ba, D-infinity da MFD, suna raba ruwa tsakanin maƙwabta, suna da amfani wajen taswirar damshi, amma su ma ba sa ba ka rassan kogi da rabon kowanne. Mafita a aikace ita ce a raba aikin biyu. SWAT ya tsaya a tashar da kogi ke da hanya ɗaya, Wudil misali, ko a ƙalla kafin rabuwar farko. Abin da ya fito a nan a shigar da shi modal mai lissafin gudun ruwa a shimfiɗe, HEC-RAS mai fuska biyu ko LISFLOOD-FP. In dole sai SWAT har ƙasa, sabon samfurinsa SWAT+ yana barin a raba fitar ruwan reshe ɗaya kashi-kashi zuwa wurare biyu, amma kason da hannu za a sa shi, daga awon ruwa na gaskiya.

Injiniya Ƙarami:
Ba sai a sassaƙa kogin a cikin DEM ba kawai? A zana layin daga Sentinel-2, a rage masa mita 10, ruwa dole ya bi.

Hajiya Injiniya:
Zai bi, amma ka san abin da ka saya. Sassaƙar tana gyara hanya, tana ɓata gangare. Gurbin da ke bakin ramin da ka haƙa zai nuna saukar mita 10 cikin mita 30, wato kashi 33 cikin 100, a filin da ko keke ba ya gangarawa da kansa. Don haka a riƙe kwafi biyu: wanda aka sassaƙa don fitar da alkiblar ruwa da iyakoki kawai, na asali kuma don lissafin gangare. Sannan in layin da ka zana ya kauce wa kwarin da ke cikin DEM da gurbi biyu ko uku, za ka sami koguna biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, na gaskiya da na sassaƙa. Wannan kan faru in an kwafo layin daga tsohuwar taswirar safiyo da ke kan tsohon ma'aunin Najeriya na Minna aka ɗora a kan WGS84, ma'aunin GPS, ba a juya ba, tazarar gomman mitoci ce. Kuma kar a sassaƙa rassa biyu da suka rabu suka sake haɗuwa, D8 zai ɗauki ɗaya ya yar da ɗayan, ko ya juya masa alkibla.

Ni na fi son fasa shinge a kan cike rami. Yawancin manyan ramukan da ake gani ba ramuka ba ne, titi ne ko layin dogo ya tare. Tauraro yana ganin saman gada da bankin titi, ba ya ganin kwalbatin da ke ƙasa. Layin dogon Kano zuwa Nguru da manyan titunan da suka ratsa fadama duk haka suke fitowa, kamar dam. In ka cike, ka ɗaga fili guda a bayan titin. In ka fasa, gurabe uku ko huɗu kawai ka taɓa. Manhajar WhiteboxTools na da umarnin fasa shinge mai suna BreachDepressionsLeastCost, ka ba shi iyakar nisan da zai nema, sauran da suka gagara sai a cike. A manhajar GRASS kuma umarnin r.watershed ba ya ma buƙatar a cike tukuna, da kansa yake neman hanya mafi sauƙi.

Gwaji mai sauƙi: a debe DEM na asali daga wanda aka gyara. Duk inda bambancin ya wuce mita 2 a fili mai faɗi, a buɗe hoton tauraro a duba. Ko dai titi ne, ko kuma tafki ne na gaske wanda bai kamata a cike shi ba tun farko.

Mai Safiyo:
Tunda an zo kan matakai, ga kurakurai uku da ke sa mutum ya zargi DEM alhali hannunsa ne.

Na farko, juyawa zuwa mita. DEM yana zuwa da digiri, dole a mayar da shi UTM, tsarin taswira mai ƙirga da mita, kafin lissafin gangare. Kano, Haɗejiya, Nguru da Gashuwa duk suna shiyya ta 32 ta arewa, EPSG:32632. Wajen juyawar a zaɓi bilinear, mai ɗaukar matsakaicin gurabe huɗu na kusa. Nearest neighbour, mai kwafar gurbi mafi kusa kawai, yana maimaita wasu layuka yana tsallake wasu, sai ka ga zane kamar saƙar tabarma a taswirar gangare, rafuka kuma su riƙa bin zanen. Shi nearest a bar wa taswirar nau'in ƙasa da ta amfanin ƙasa, inda lamba suna ce ba awo ba.

Na biyu, adadin guraben da ake cewa daga nan rafi ya fara. Gurbi 1,000 a mita 30 murabba'in kilomita 0.9 ne, a mita 90 kuwa 8.1. Wanda ya bar lambar yadda take ya canja DEM, ba DEM biyu ya kwatanta ba, yawan rafuka biyu ya kwatanta. A sa shi da faɗin ƙasa, a riƙe shi ɗaya a duk gwajin.

Na uku, wurin mafita. In ɗigon tashar ya faɗi gurbi ɗaya a gefen layin da ruwa ya taru, kwari mai dubban murabba'in kilomita zai fito kamar gonar mutum ɗaya. A jawo ɗigon kan layin, sannan a kwatanta faɗin da ya fito da wanda hukumar kula da kogunan Haɗejiya da Jama'are ko NIHSA, hukumar awon ruwa ta ƙasa, ta rubuta wa tashar. Malama, ina zargin bambancin iyakokin da kika gani rabinsa daga nan ne.

Ɗalibar Ruwa:
Na duba Malam, adadin guraben ne na bari iri ɗaya a duka ukun. To in na saita modal da Copernicus mai 30, zan iya ɗaukar lambobin in sa a na 90 don ya yi sauri?

Malamin Taswira:
A'a. Lambobin da aka saita, irin su CN2 mai nuna yawan ruwan saman da ke gudu a kan ƙasa, da n na Manning mai nuna kaushin hanyar ruwa, da sauransu, sun riga sun shanye kuskuren gangare da tsawon rafin wancan DEM ɗin. Canja DEM, sake saitawa. Kuma a SWAT saurin ba daga gurbi yake ba, da zarar an gama yanka ƙananan kwaruruka da HRU, wato gutsattsarin fili masu irin ƙasa, amfani da gangare ɗaya, yawansu ne ke cin lokaci. Inda gurbi ke cin lokaci shi ne modal mai fuska biyu: ka raba faɗin gurbi biyu, gurabe sun ninka huɗu, takun lokaci ma dole ya ragu da rabi saboda sharaɗin Courant, wato kar ruwa ya tsallake fiye da gurbi ɗaya a taku ɗaya, aiki ya ninka takwas. Daga 90 zuwa 30 ninki 27 ke nan. HEC-RAS ya sauƙaƙa wannan, domin kowane babban gurbi na lissafi yana riƙe da jadawalin tsayi da yawan ruwa daga ƙananan guraben ƙasan da ke cikinsa. Ana iya lissafi da raga mai mita 200 a kan ƙasa mai mita 30, muddin an sa layukan karya raga a kan tituna da gaɓar kogi.

Wani abu kuma da ba a so a ji: ruwan saman da za a zuba wa modal ɗin, in CHIRPS ne, wato ƙiyasin ruwan sama daga tauraro da ma'aunai, gurbinsa kusan kilomita 5.5 ne. Taswirar ƙasa ta FAO ma'auninta 1 cikin 5,000,000, ta SoilGrids kuwa gurbinta mita 250. Ga hadarin damina a nan, unguwa ɗaya ta jiƙe ta kusa da ita ƙura na tashi. Makon da za a ɓata ana jayayya kan 30 da 12.5, gara a kashe shi wajen tantance CHIRPS da ma'aunan NiMet, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, da neman jadawalin sakin ruwa na Tiga da Challawa.

Injiniya Ƙarami:
Har yanzu ina kan bakana a wuri ɗaya: don ambaliya a cikin gari, LiDAR, wato awon tsayi da hasken laser daga jirgi, ko jirgi maras matuƙi ne kawai. Kwata mai faɗin mita 2 ba za ta taɓa fitowa a gurbin mita 30 ba.

Baba Mai Fadama:
Ba wanda ya musa maka wannan, ɗana. A bisa al'adar aiki sai abu ya kai faɗin gurbi biyu zuwa uku kafin a ce DEM ya gan shi, ke nan reshen da bai kai mita 60 ba, mai 30 bai san da shi ba. Sai dai jirgin ma kan kachala zai auna maka, wadda kan fi mutum tsayi, ba ƙasan da take tsaye a kai ba. Kuma babu ɗayansu, har LiDAR na yau da kullum, da ke ganin ƙarƙashin ruwa. Tafkin Tiga a DEM faranti ne shimfiɗaɗɗe, zurfinsa sai daga jadawalin dam. Cikin kogi kuwa sai an shiga da kwalekwale da na'urar auna zurfi, ko a jira rani a bi da GPS mai RTK, wanda ke auna tsayi daidai da santimita, a yanka shi gicciye, a matso da yankan kusa-kusa a wajen gada da kowace mararrabar da ruwa ke rabuwa.

Mai Safiyo:
Malama, kafin ki zaɓa tsakanin Copernicus da FABDEM, ki sauke ɗigogin tsayin ƙasa na tauraron ICESat-2, samfurin ATL08, kyauta ne, a 2018 aka harba tauraron. Ki tace waɗanda suka faɗi a fili maras bishiya, ki mayar da tsayinsu kan EGM2008, ki debe daga kowane DEM. Ki yi lissafin sama da Wudil daban, na fadama daban, kar ki haɗa su a lamba ɗaya, don na tudu zai ɓoye miki na fadama.

Ɗalibar Ruwa:
Na gode malamai, Allah ya saka da alheri. Zan tsayar da SWAT a Wudil da Copernicus, in gwada MERIT a gefe da faɗin fara rafi iri ɗaya. Baba, rabon ruwa tsakanin Marma da Burum Gana fa, lamba ɗaya zan sa duk shekara?

Baba Mai Fadama:
Kar ki sa ɗaya, 'yata. Yana canjawa da tsayin ruwa, yana kuma canjawa duk lokacin da aka yashe hanya ko aka sare kachala. Ki jera hotunan tauraron Landsat na watan Satumba da Oktoba shekara-shekara ki ga reshen da ya cika a kowace, sannan ki nemi shekarun da aka yi yashe ki raba lokacin saitawarki a kansu.